Karatun Injiniya Mai Ƙofa Zuwa Duniya: Abin da Ake Nema a Hannun Ɗan Anka da Gummi da Bukkuyum

 

Shugaban wannan zama, wakilan iyayenmu sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum, Allah ya ja zamaninsu. Malamanmu na addini, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu da malaman aji. Iyaye maza da iyaye mata. Sai ku ɗalibai, waɗanda dominku aka tara mu a nan, barkanku da zuwa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan taro, musamman da yake sun ɗauko mutane daga ƙananan hukumomi uku a lokacin da kowa ya san hawa hanya sai da addu'a.

An ce in yi magana a kan yadda ake samun gurbin karatun injiniya a jami'a, irin karatun da zai karɓu a gida ya kuma karɓu a wasu ƙasashe, da sharuɗɗan da ake cikawa. Zan kawo magana shida. Wasu zan daɗe a kansu, wasu in wuce da sauri. Abin da nake son ya zauna a zukatanku shi ne, yawancin sharuɗɗan nan tun yaro yana aji huɗu na sakandare ake cika su ko a rasa su, shekaru kafin a yi zancen fasfo.

Na ɗaya: me ya haɗa mu da zancen duniya?

Wani zai ce, malam, mu da muke fama da malamin lissafi, ina mu ina karatun da ya shafi ƙasashen waje? To, ai duniya ta riga ta zo ta same mu har cikin gida. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka ta hanyar da ba ta yi kama da zazzaɓi ko sanƙarau ba. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don zinare yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe. An ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sunayen garuruwan kun fi ni saninsu: 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya Bagega. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Ku lura da abin da ya biyo baya. Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma suka ce ba amfanin a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya sha gubar. Sai an fara gyara ƙasar. Wa zai gyara? Injiniyoyin muhalli na wani kamfani mai suna TerraGraphics suka taso daga jihar Idaho ta Amurka, inda suka daɗe suna share irin wannan guba a tsohon yankin haƙar ma'adinai. Suka zo da na'urar hannu mai auna yawan dalma a ƙasa nan take. A wasu wuraren abin da aka auna ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Aikin da aka yi kuwa, da hannun mutanenmu aka yi shi: a kankare saman ƙasar gida, a kwashe a buhu, a binne a ramin da aka tsara, a zubo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. An yi ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, Bagega kuma ta jira kuɗi har 2013.

Fartanya tamu ce, kwando namu ne, gumi namu ne. Abin da aka ɗauko daga nesa shi ne mutumin da ya san inda za a auna, zurfin da za a kankare, da inda za a haƙa rami don kada guba ta bi ruwa ta koma rijiya. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024. Ramukan suna nan, dalmar tana nan. In ta sake tashi, Allah ya kiyaye, wa muka tanada?

Haka zancen ruwa. Dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina shi. Mutanen Gummi kuma ba sa buƙatar in tuna musu daminar 2024, da ambaliyar da ta ci gidaje, da kwalekwalen da ya kife da manoma suna ƙetare gulbi zuwa gona. Gada, magudanar ruwa, shingen gaɓar gulbi, duk aikin injiniya ne, kuma masu ba da rancen irin waɗannan ayyuka, kamar Bankin Duniya, da ma'aunin duniya suke ɗaukar ma'aikata.

Na biyu: takardar sakandare.

Nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa, tun ba a fara tseren ba. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, da wani darasin kimiyya guda, kamar Bayoloji, Aikin Gona, Zanen Fasaha ko Lissafi mai zurfi. Kiredit daga C6 yake farawa zuwa sama. D7 da E8 an ci jarrabawa a idon iyaye, amma a ofishin ɗaukar ɗalibai ba a ƙirga su. Galibi ana yarda a haɗa sakamakon zama biyu, ba fiye ba, kuma wasu sassan da nema ya yi musu yawa suna fifita mai zama ɗaya.

Iyaye, ku ji wannan da kyau. Ranar da ɗanku ya shiga aji huɗu aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi, ranar aka yanke ko zai iya zama injiniya. Sau nawa ake tura yaro mai kan lissafi ajin adabi don kawai makarantar ba ta da malamin Fiziks? Sau nawa yaro ke zuwa jarrabawar gwaji ta Kemistiri bai taɓa riƙe kwalbar awo ba sai a ranar? Uban da bai yi boko ba yana iya zuwa wurin shugaban makaranta ya tambaya: wa ke koyar da Fiziks a nan, sau nawa yake shiga aji a mako? Wannan tambayar ba ta buƙatar Turanci.

Na san uzurinmu, kuma uzuri ne na gaskiya. Bayan ɗauke 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021 an rufe makarantun kwana, an sake rufe makarantu a watan Satumba na shekarar, aka kuma katse layukan waya. Akwai shekarun da bashin kuɗin jarrabawa ya hana ɗaliban makarantun gwamnati zama WAEC ko ganin sakamakonsu na NECO. Amma kwamfutar da ke tace sunaye ba ta da gurbin rubuta uzuri. Wanda ya rasa shekara, ya sake zama a jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Ba abin kunya ba ne.

Kada kuma a raina Turanci. Na sha ganin yaro mai A a Lissafi ya zauna gida shekara biyu saboda D7 a Turanci. Da wannan harshe za a karantar da kai, da shi za ka rubuta rahoton aiki, kuma shi ne farkon abin da jami'ar waje za ta auna.

Na uku: JAMB da takardun shaida.

Mai neman injiniyanci yana zama darussa huɗu: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Tambaya 60 a Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran, jimla 180 cikin awa biyu, maki kuma a kan 400. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba sai a zauren jarrabawa, rabin hankalinsa yana kan na'urar, ba kan tambayar ba. Ku nema masa inda zai yi gwaji ko da na mako biyu ne.

Za ku ji an sanar da mafi ƙarancin maki na ƙasa, 140 a 2024, 150 a 2025. Kada wannan ya ruɗe ku. Ƙasan ƙasa ke nan, kowace jami'a tana ɗaga nata, sashen injiniya kuma ya ƙara ɗagawa, sannan a zo tantancewar bayan JAMB. Mai son wutar lantarki ko kwamfuta ko gine-gine a Zariya ko Kano, ya sa ransa a kan 250, ya ga inda Allah zai sauke shi.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Zamfara tana cikin rukuni na uku, tana kuma cikin yankin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello. Wato ƙofa uku muke da ita. Amma wannan kaso kamar kujerar da aka kama maka ce a motar tasha: in mota ta cika ba ka iso ba, wani za a ɗora. Ba a ba da shi ga wanda ba shi da kiredit ɗin Fiziks.

Yanzu abin da ya fi ba ni takaici, don ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa, kulawa kawai yake so. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Sunan da ke kan NIN shi zai hau takardar JAMB. In a WAEC an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, a takardar haihuwa Mamman, a takardar shaidar ƙaramar hukuma aka sa sunan gari a madadin sunan uba, to mutum huɗu ne a idon jami'a, kuma a ofishin jakadanci abin ya fi haka tsanani. Ranar haihuwa ma haka. Mu nan mun saba a kintaci shekara a ce 1 ga Janairu. Ba laifi, amma a tsaya a kan guda. A gyara tun yaro yana aji biyar. Layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi, kada a yi da na mai shagon kwamfuta. A ɗora sakamakon sakandare a shafin CAPS, wanda JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa tun 2017, in an ba ka kuma ka shiga ka danna ka karɓa. Duk gurbin da aka ba ka ta bayan fage, ba ta CAPS ba, za ka gane kurenka ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a kuma 16 ne.

Na huɗu, a taƙaice: in ƙofar farko ta ƙi.

Akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, akwai irinta a Sakkwato, akwai shirin IJMB mai kai mutum aji biyu kai tsaye. Ga kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, ga ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Mai ƙaramar difloma da sakamako mai kyau yana shiga jami'a a aji biyu, kuma sau da yawa ya fi abokan ajinsa sanin ƙarfe da waya. Shi kansa Abdu Gusau, Garkuwan Sakkwato, da aka sa wa makarantar sunansa, injiniya ne ɗan wannan ƙasa da ya yi karatu har Landan ya dawo ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Batun kuɗin makaranta kuma, tun 2024 akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND ga masu karatu a makarantun gwamnati.

Na biyar: hatimin da ke kan digiri.

Digirin injiniya a Nijeriya shekara biyar ne, a ciki har da watannin da ake tura ɗalibi masana'anta ko wurin gini, abin da ake kira SIWES. Hukuma biyu ke duba kowane sashe: NUC mai kula da jami'o'i, da COREN, majalisar da aka kafa a 1970 don tsara aikin injiniya. Ba jami'a kaɗai za ka tambaya ba, sashen za ka tambaya. Jami'a tana iya zama babba, amma sabon sashen da ta buɗe bai samu amincewa ba tukuna. Wanda ya gama a irin wannan sashe zai sha wuya kafin a yi masa rajista, rajistar da ko ga mai ingantaccen digiri sai bayan ya yi shekara huɗu yana aiki.

A waje kuma akwai Yarjejeniyar Washinton, wadda hukumomin ƙasashe shida suka ƙulla a 1989: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Ayalan da Niyu Zilan. Ma'anarta, kowa ya yarda da digirin da ɗan'uwansa ya tantance. Afirka ta Kudu ta shiga a 1999. A watan Yunin 2023 aka karɓi COREN a matsayin memba na wucin gadi. Wannan matakin share fage ne, cikakkiyar amincewa sai ga cikakken memba, amma ya riga ya canza abin da ake tambaya idan an zo duba sashe. Da can a ƙirga littattafai da kujeru. Yanzu ana son a ga me ɗalibin da ya gama zai iya yi, ko zai iya tsara abu ya gwada shi, ya yi aiki cikin ƙungiya, ya bayyana aikinsa ga wanda ba injiniya ba.

Ga misalin da ya fi kusa da taken laccarmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ƙulla shiri da Jami'ar Central South da ke birnin Changsha na ƙasar Sin, tare da kamfanin CCECC mai shimfiɗa layin dogo a Nijeriya: ɗalibi ya yi shekara uku a Samaru, biyu a Sin, ya fito da digirin jami'o'in biyu. Rukunin farko sun tafi a 2018. Daga ina aka zaɓo su? Daga cikin ɗaliban da suka riga suka shiga Zariya ta JAMB, suka riƙe maki mai kyau tun aji ɗaya. Babu wanda aka ɗauko daga gida. Irin waɗannan shirye-shirye suna buɗewa suna rufewa gwargwadon yarjejeniya da kuɗi, amma duk lokacin da suka buɗe, takardar makin zangon karatu ake fara jawowa. Tallafin gwamnati na PTDF na ƙaro karatu a waje ma haka yake, digiri na biyu da na uku yake ɗaukar nauyi, kuma sakamakon digirin farko yake dubawa. Don haka ɗalibin da ya ce aji ɗaya na hutawa ne bayan wahalar JAMB, ya rufe wa kansa ƙofar da bai ma san da ita ba.

Wane fanni? Ra'ayina ne, ba doka ba. Kowa yana rububin man fetur da kwamfuta, mu kuwa arzikinmu da ciwonmu suna cikin ƙasa da ruwa. A Zariya akwai sashen albarkatun ruwa da muhalli, akwai na sarrafa ƙarafa. Injiniyancin haƙar ma'adinai ana yin sa a Akure da Jos. Waɗannan sassan ba su kai wasu cunkoso ba, kuma aikinsu yana nan daga Gana har Ostireliya. Ina kuma roƙon iyaye a bar 'yan mata su shiga. A 2010 cikin gidajen aure aka daka dutsen nan, mata ne ke kusa da turmin, su ne ke goye da yaran. Injiniya mace tana shiga inda namiji zai tsaya a zaure yana jiran izini.

Na shida: mai son fita kai tsaye daga sakandare.

Ana yi, amma a san sharuɗɗa uku. Na farko harshe. Jami'o'in da ke karantarwa da Turanci galibi suna neman IELTS ko TOEFL, a IELTS kuma yawanci 6 zuwa 6.5 cikin 9. Jamus tana son Jamusanci a yawancin digirin farko, sau da yawa tare da shekarar share fage. Kada kuma mu manta maƙwabta: a Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, a Wagadugu akwai 2iE ta ruwa da muhalli, duka biyun mai Faransanci ya fi jin daɗinsu. A Tarkwa ta ƙasar Gana akwai jami'a sukutum ta haƙar ma'adinai, da Turanci. A Bangaladash akwai Jami'ar Fasaha ta Musulunci, mallakar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC wadda Nijeriya ke cikinta. Turkiyya da Hangari suna da tallafin gwamnati da ake nema ta intanet, ba a biyan ko sisi wajen cika takardar Turkiyya.

Na biyu kuɗi. A yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba a biyan kuɗin koyarwa, amma kafin biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara guda a asusu na musamman, wanda ya kai Yuro 11,904 daga ƙarshen 2024. Ku juya shi zuwa naira ku gani. Tallafin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya, wanda ya kai yaranmu Rasha da Maroko da Aljeriya, an sanar da dakatar da shi a 2025. Kun kuma ji halin da ɗaliban jiharmu suka shiga a Arewacin Sayifurus da kuɗin makaranta ya tsaya. Kafin a sayar da gona ko shanu, a lissafa shekara huɗu ko biyar cur, ba shekarar farko kaɗai ba.

Na uku, a tabbata takardar za ta karɓu in an dawo. Duk digirin waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shi kafin hidimar ƙasa, sannan COREN ta duba nata. A Janairun 2024 aka dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya je Kwatano ta Benin ya sayo digiri cikin mako shida. Masu karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. Dillalin da ya ce zai samo wa ɗanka gurbin injiniya a waje ba tare da kiredit ɗin Lissafi ba, ka tambaye shi sunan makarantar, ka kai wa malamin da ka amince da shi ya bincika, kafin ka ciro ko kwabo.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda, na san ma'anarta.  Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mayar da kowa gida lafiya. Yanzu fili naku ne. Ina roƙon a fara ba ɗalibai dama, mace ɗaya namiji ɗaya, kafin manya su karɓa. Wanda kuma matsalarsa ta saɓanin suna ce ko ranar haihuwa, ya same ni bayan an tashi da takardunsa a hannu, mu duba tare.